Yatsu Bakwai da Sunan Lawwali

Idan ka miƙa wa Mahadi hannu ku gaisa, da hannun dama zai karɓa. Ba ya ɓoye shi a aljihu, ba ya kuma ba kowa haƙuri. Za ka ji babban yatsa da ɗan ƙaramin sun kama ka kamar awartaki, a tsakaninsu babu komai sai tabo mai santsi. Baƙo yakan zabura. Mahadi kuwa sai ya zuba masa ido har ya gama zaburarsa, sannan ya ce, "Mi aka buƙata?" Mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma ba yau ya fara ba, da taurin kansa aka haife shi.

A Sabon Garin Gusau yake aiki, a shagon wani abokinsa Aminu, inda ake buga takardu ana yin fotokwafi. Can ƙuryar shagon, bayan injin da ke nishi yana zafi, nan teburin Mahadi yake. Manhaja yake rubutawa, wato tsarin da ke sa kwamfuta ta yi aiki. Masu kantin magani da yawa a garin nan da aikinsa suke gane maganin da ya kusa lalacewa, wasu makarantu ma da shi suke fitar da sakamakon jarrabawa. Ba su san fuskarsa ba, shi ma bai damu su sani ba.

Ɗan Karakkai ne, a ƙasar Bunguɗu. Mahaifinsu ya rasu tun yana ƙarami, ya bar musu gona da shanun huɗa biyu da uwa mai kawaici. Su biyu ne maza. Babban shi ne Lawwali, direban wata tsohuwar Golf da ke jigila tsakanin Gusau da Funtua, mutum mai faɗin ƙirji da dariya, wanda ko haruffan lambar motarsa sai ya yi da gaske yake haɗawa. Shi ya ga ƙanensa ba ya rabuwa da tsinke-tsinken rediyo, ya jefa shi a mota ya kawo shi Gusau, ya danƙa shi a hannun Aminu ya koyi buga takardu. Daga buga takardun mutane Mahadi ya zarce, ya koya wa kansa yaren kwamfuta da ake kira Python, ba malami ba makaranta.

Lawwali ɗan fari ne, saboda haka Inna, mahaifiyarsu, ba ta taɓa kama sunansa ba. Alkunya ce irin ta mutanen da, ita kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. "Mai mota" take cewa, ko "wancan." Idan ya shigo gida da buhun shinkafa a kafaɗa, sai ta kau da kai ta tambayi kaji ko sun ci. Shi ma ya saba. Yakan tsaya a bayanta ya ce da ƙarfi, "Inna, wancan ya iso," ta jefe shi da mafici ba ta waiwayo ba.

Mahadi yana da wata ɗabi'a a wurin aiki da ke ci wa Aminu tuwo a ƙwarya. Kowace manhaja gunduwa-gunduwa ce, kowace gunduwa da aikinta da sunanta, kuma masu sana'ar sukan sa suna da Turanci wanda ke faɗin aikin. Mahadi shi sunayen mutane yake sawa, kamar mai raɗa wa shanu. Gunduwar da ke yi wa mutum tsawa idan ya shigar da abin da ba daidai ba, sunanta yelwa, saboda wata gwaggonsu mai faɗa. Wadda kuma ke kwasar bayani daga wannan kwamfuta ta kai waccan, ta sauke, ta juyo, wannan sunanta lawwali. Babu aikin Mahadi da ba ta ciki, don babu aikin da ba a lodi da saukale.

Abin alfaharinsa a da yatsunsa ne. Goma cif, suna gudu a kan kibod kamar ruwan sama a kan kwano, idonsa ko sau ɗaya ba ya sauka ƙasa. Edita, wato manhajar da yake rubutu a ciki, baƙin allo ne tsirara, babu ado babu taimako. Sau da yawa Aminu ya ce masa ya haɗa editan da abin da ake kira sabar harshe. Wata manhaja ce daban da ke zaune a bayan edita, ta san yaren ciki da bai, ta kuma karanta duk aikinka. Ka buga harafi biyu ta ƙarasa maka kalmar, ka yi kuskure ta ja masa jan layi tun kafin ka ɗaga hannu. Kamar mahaddacin da ke tsaye a bayan liman ne, idan karatu ya sarƙe ya buɗa masa. Mahadi sai ya taɓe baki.

"Wanda bai haddace ba shi aka buɗa ma," in ji shi. "Ni yatsuna sun ishe ni."

Daminar shekarar da aka yanke sabis ɗin waya a Zamfara ya je gida taya huɗa. Da hantsi ne, yana gaba yana jan shanun, wani maƙwabcinsu na riƙe da garma. Ya naɗe igiyar a hannun dama sau da yawa, yadda kowane ɗan manomi ke yi don kada sa ya fizge. Sai ƙarar babura ta taso daga bakin daji. Kafin a ce me, an fara harbi. Maƙwabcin ya saki garma ya ruga, harsashi ya same shi a baya, ya kife a cikin kunya ƙafafunsa na shure-shure. Shanun suka firgita suka zabura, igiyar ta shaƙe hannun Mahadi, suka ja shi a ƙasa, fuskarsa na sharar laka.

Wani ɗan bindiga mai rawani ya sha gabansu, ya kama ƙahon sa, ya daka wa Mahadi tsawa ya saki igiya. Mahadi na so ya saki, igiyar ce ba ta sake shi ba. Yana ƙoƙarin faɗa, bakinsa cike da ƙasa. Mutumin bai tsaya sauraro ba. Ya zaro adda ya sara a inda igiyar ta fi kauri, wato a kan hannun. Sara biyu ya yi. Shanu suka tafi da igiya, Mahadi ya tashi zaune yana kallon jini na tsartuwa, bai ma fara jin zafi ba tukuna.

Lawwali ne ya zo ya ɗauke shi. Kafin ya sa shi a mota sai da ya durƙusa a cikin huɗar yana lalube, ya tsinto yatsu uku ya zuba a hularsa, wai ko likita zai iya mayarwa. Ya tuƙa motar nan zuwa Gusau da hular a kan cinya, yana zagin duk wanda ya tare masa hanya. Likitan ya leƙa hular ya girgiza kai. Lawwali ya koma da su Karakkai ya haƙa rami a bayan gida ya rufe, bai gaya wa kowa inda ya sa su ba.

Da ciwon ya fara kamewa Mahadi ya dawo shago, hannu a naɗe da bandeji kamar dunƙulen fura. Ya zauna a gaban kibod. Hagu ta tafi da gudunta na da, dama kuwa ta kai yatsun da babu su, ta bugi iska. Layin da yake gamawa kafin a ƙifta ido ya zama aikin wuni, shi ma cike da kurakurai, ga jini na tsattsafowa ta bandeji yana ɓata haruffa. Ran nan ya ɗaga kibod ɗin ya maka shi da bango, maɓallai suka watse har cikin injin fotokwafi. Wata mata da ta kawo takardun ɗanta ta kwashi mayafinta ta fice tana salati.

Aminu ya bari ya huce, sannan ya jawo kujera.

"Mahadi, ni ba maƙiyinka ba na. Asibitin ga da munka karɓi aikinsu sun gaji da jira. In ba ka iyawa, in nemo wani daga Kano, kai ka koma kan fotokwafi. Hannu guda ya isa danna kore."

Da Aminu ya mare shi da ya fi masa sauƙi. Ya koma danna koren maɓalli, yana miƙa wa mutane takardunsu, wani baƙo na zaune a teburinsa yana goge sunayen da ya raɗa? Ya kwana biyu yana juya maganar. A rana ta gaba ya haɗiye girman kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce wa Aminu, "Sabar nan da kaka faɗi, za ni sa ta." Ya lissafa a ransa: idan harafi biyu zai buga ta ƙarasa sauran, yatsu bakwai za su riƙe sana'ar.

Sai dai ya makara. A makon ne aka kashe layukan waya na jihar gaba ɗaya, wai don a toshe wa 'yan bindiga kunne. Gusau ta wayi gari wayoyi sun zama fitilar hannu. Ba kira, ba saƙo, ba intanet, ita kuwa saba sai an sauko da ita daga intanet. Mai neman sabis sai ya hau mota ya bar jihar, wani lokaci a dace a Funtua, wani lokaci sai an doshi Zariya. Hanyar kuma ta Tsafe ce, wadda ko a zaman lafiya ba a binta bayan la'asar.

Lawwali ya samu sabuwar sana'a a lokacin. Waɗanda ba za su iya tafiya ba sukan ba shi wayoyinsu, kowace da sunan mai ita a manne, ya zuba a buhu ya jefa a but ɗin mota. Da an shiga inda sabis yake sai buhun ya ɗauki kuka gaba ɗaya, saƙonni na shigowa, fasinjoji na dariya. Da yamma ya dawo ya raba wa kowa tasa. A wannan motar Mahadi ya shiga da laftof ɗinsa a jaka.

Suka sami sabis a wani gari a hanyar Zariya. Mahadi ya zauna a bencin mai shayi, ya haɗa laftof da wayarsa, ya nemo ɗan ƙarin da ake ɗora wa edita don ya yi magana da saba. Ya sauke, ya ɗora, allon ya nuna an gama. Rana ta fara karkata, Lawwali na danna hon yana nuna sama da hannu.

"Kai malamin kwamfuta! In rana tak kai can muna nan, kai za ka tuƙa mu da ƙahwa!"

Mahadi ya rufe laftof ya shiga mota, bai buɗe ko fayil ɗaya ya gwada ba. Mutumin da ke zaune inda intanet ke kwana da shi ba zai taɓa sanin wannan kuskure ne ba, don in abu ya rage sai ya sauko da kansa a ɓoye. Sai da suka iso Gusau, ya zauna a teburinsa ya buɗe aikin asibitin, wani jan rubutu ya fito a ƙasan allo: ba a sami saba ba. Ɗan aike kawai ya ɗauko. Ita sabar kanta, wadda ɗan aiken zai je ya tambaya, tana can inda ya baro ta.

Ya tarar da Lawwali a gida ya ɗaga Golf a kan duwatsu, ya cire taya. A ranar da suka dawo an tare motar da ke bayansu, an kwashe mutane.

"Na aje tuƙi sai hanya ta yi sanyi," Lawwali ya ce. "Wayoyin da anka ba ni ma gobe nika maida ma masu su."

"Yaya, sau guda. Wallahi sau guda."

"Rubuta abin a takarda, in wani za shi sai ya kai ma masu kahen intanet su sauko maka."

"Ba su iyawa. Sai ni."

"Kai komi sai kai! Hannun ma cewa kay yi sai kai, ga shi nan."

Maganar ta yi zafi, shi kansa Lawwali ya ji ta. Mahadi ya juya zai fita, bandejin na rawa a gefensa. Bai kai ƙofa ba ya ji ƙarar sifana a bayansa, Lawwali na mayar da taya yana ƙunƙuni, wai shi dai Allah ya haɗa shi da ƙane mai kan jaki.

A tafiya ta biyu Mahadi bai yi wasa ba. Ya sauko da sabar da duk tarkacen da take dogara da su, ya kashe data, ya gwada, ya ga ta tashi ba tare da intanet ba. Sannan ya kwafe komai a filash, ɗan ƙarfen ajiyar bayanai da bai kai yatsa ba. Tun da hannun ya lalace ya koyi cusa ƙananan abubuwa a cikin naɗin bandeji, biro ko makulli, don laluben aljihu na ba shi wuya. Nan ya tura filash ɗin, a gurbin da yatsu suke a da. Suka juyo da wuri, rana na tsaka, mota cike da fasinja, buhun wayoyi a but. Lawwali har waƙa yake yi.

Sun shigo jihar, ba su kai Tsafe ba, a inda dawa ta yi tsawo har bakin kwalta, gilashin gaba ya tarwatse. Tayar gaba ta fashe, motar ta yi wuji-wuji ta faɗa rami. Mutane suka fito daga cikin dawar ta ko'ina, da bindigogi, wasunsu ko gemu ba su fara ba. Wani fasinja ya buɗe ƙofa ya zura da gudu, aka harbe shi a wuya, ya zube a tsakiyar titi. Sauran aka finciko su ɗaya bayan ɗaya, ana dukansu da gindin bindiga, aka kwantar da su rub da ciki a kan kwalta mai ƙuna. Wata tsohuwa ta kasa kwanciya da sauri, aka shure ta a ƙugu.

Babbansu dogo ne mai jajayen idanu, a fusace yake tun kafin ya iso. An hana su sabis, an hana su mai, jirgin yaƙi kuma ya yi musu ɓarna a kwanakin. Da aka buɗe but aka zazzage buhun, wayoyi suka zube a ƙasa, kowace da suna. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai wani ya miƙo masa jakar Mahadi. Ya zaro laftof ya buɗe, allon ya farka, baƙi wuluk, layukan rubutu kore da ja suna jere.

"To," ya ce. "Ga masu kiran jirgi. Wa ad da wagga?"

Mahadi ya ɗago kai daga kwalta, ya buɗe baki. Lawwali na kwance kusa da shi, ya juyo ya watsa masa wani kallo, irin wanda tun suna yara idan ya yi masa shi yake haɗiye magana. Kafin Mahadi ya ja numfashi, Lawwali ya riga ya yunƙura ya durƙusa.

"Tawa ta. Wayoyin ma ni anka ba, ni ad direba. Wanga ƙanena na, miskini na, diba hannunai. Asibiti nik kai shi."

Dogon ya dubi bandejin. Ya tako a hankali ya ɗora takalminsa a kai, ya danna da dukkan nauyinsa, yana murzawa kamar mai kashe kunama. Ɗinkin ya ɓarke. Filash ɗin ya nutse cikin naman, Mahadi ya ji ƙarfensa na gogar ƙashi. Ya kurma ihu har muryarsa ta tsage, amma bai ce laftof ɗin tasa ce ba. Tsoro ne ya riƙe harshensa ko biyayya ga yayansa, har yau bai raba su ba, kuma abin na cinsa.

Suka koma kan Lawwali. Aka tura masa laftof a gaba, aka ce ya karanta abin da ya aika wa soja. Mutumin da ko lambar motarsa da ƙyar yake karantawa ya ƙura wa allon ido, ya ce wallahi lissafin magani ne. Aka buga masa gindin bindiga a baki, haƙora suka zubo. Aka sake tambaya, ya sake faɗin haka, jini na bin gemunsa. Dogon ya ɗaga laftof ɗin da hannu biyu ya rotsa masa a ka, ya sake, ya sake, har allon ya rabu da jikinsa. Lawwali ya faɗi ta gefe yana kalmar shahada da fasasshen baki. Harbi biyu aka yi masa a ƙirji. Jininsa ya gangaro ta kan kwalta ya jiƙa rigar Mahadi, da ɗuminsa.

Suka kora masu ƙafa cikin dawa, suka cinna wa Golf wuta. Mahadi ya riga ya suma, suka bar shi a cikin gawarwaki.

A Tsafe ya farfaɗo, a kan gadon wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar jinya na warware bandejin da ya manne da nama, sai wani abu ya faɗo cikin tasar ƙarfe, ƙwal. Ta ɗauka da hantsaki ta ɗaga, jini na ɗiga, ta tambaye shi ko harsashi ne. Ya miƙa hagu ya karɓa, ya dunƙule, ya juya fuska bango.

A Karakkai aka rufe Lawwali. Mata suka cika gida ana koke-koke, Inna na zaune a kan tabarma idonta a bushe. Duk wanda ya ce mata ya haƙuri, sai ta ce, "Haƙuri sai ku," kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Ɗan fari ne, ko a mutuwa alkunya ba ta ba ta izinin kuka a gaban mutane ba. Mahadi kuwa ko ido bai iya haɗawa da ita ba. Bayan addu'ar bakwai ya dawo da ita Gusau, don ƙauyen ba ya zaunuwa.

Filash ɗin ya daɗe a aljihunsa bai taɓa shi ba. Aminu bai sake maganar ɗan Kano ba, amma Mahadi na ganin yadda yake kau da kai idan mutanen asibiti sun leƙo. Wata safiya ya jawo tsohuwar kwamfutar shagon, ya kankare busasshen jinin da ke bakin filash da allura, ya soka. Ta karanta.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ya ɗora sabar, ya buɗe ɗan fayil ɗin da ake rubuta wa edita umarni, ya gaya masa yaren da zai kula da shi da inda sabar take zaune. Jan rubutu ya fito, ba a same ta ba. Ya sake dubawa, sai ya ga harafi ɗaya ne hannunsa ya tsallake wajen rubuta inda take. Ya gyara. Sabar ta tashi, amma ta tsaya kamar baƙuwa, ba ta san ko ɗaya daga cikin gunduwoyinsa ba, sai da ya nuna mata babban kundin da aikin ya faro, ta bi ta karance shi kaf. Ya buɗe manhajar asibitin a inda ya tsaya tun kafin damina. Wurin da za a kwashi bayanin marasa lafiya a kai kwamfutar ɗakin magani ne. Ya buga harafi biyu da hagu. Wani ɗan akwati ya buɗe a ƙarƙashin layin, da kalma ɗaya a ciki: lawwali.

Ya tashi ya fita bayan shago. Ya dunƙule hagu ya yi ta naushin bangon bulo har fatar ta saɓule, sai da Aminu ya rungumo shi ta baya. Da suka dawo ciki Aminu ya dubi allon, ya gane. Cikin tausayi ya ce ai sabar na iya canja suna, maɓalli ɗaya za a danna ta bi duk aikin ta sauya shi a ko'ina, ba sai ya riƙa gani kullum ba. Mahadi ya shaƙo wuyan rigarsa da yatsun nan biyu, ya jawo shi har hancinsu ya kusa haɗuwa.

"In ka sake hwaɗin haka, ni da kai har abada."

Ya gama aikin asibitin, bai kai gudun da ba, amma ya gama, kuma teburin bai bar hannunsa ba. Sai dai kullum sai ya yi lodi da saukale, kullum sai akwatin ya buɗe. Akwai ranakun da yake rufe kwamfutar tun kafin azahar ya tafi gida ya kwanta, ya ce ya bar sana'ar.

A irin wannan rana ce Inna ta yafa mayafi ta ce ya kai ta shagon. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta ratsa masu jiran fotokwafi, ta tsaya a gaban teburin.

"Abin da kunka tahi ɗaukowa, nuna mani shi."

Ya kunna. Ya ce mata ba abu ne da ake riƙewa a hannu ba, yana ciki, idan ya fara kalma shi ke ida ta. Ta ce ya fara ta gani. Ya buga haruffan biyu, akwatin ya buɗe. Inna ba ta karatun boko. Ta sunkuya ta ƙura wa 'yan baƙaƙen ido.

"Mi yar rubuta?"

"Sunan Yaya na, Inna."

"Kai kas sa shi ciki?"

"Tun da daɗewa. Shi ka ɗaukar kaya ya kai."

Ta ƙara matsowa kusa da allon. Sannan ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin a daidai kalmar, ta bi ta daga farko zuwa ƙarshe, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Injin fotokwafi ya tsaya, don Aminu ya kashe shi.

"Lawwali," ta ce.

Tunda Mahadi ya zo duniya bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta sake faɗa, muryar ta karye a tsakiya, hawayen da ta hana mutanen Karakkai gani suka zubo a kan kibod. Ta goge su da bakin mayafi, ta goge fuskarta, ta dafa kafaɗarsa ta danna shi kan kujera.

"Zauna ka yi aikinka. Kar in sake jin ka ce ka aje."

Ya zauna. Ta jawo benci ta zauna a bayansa, ta ce ba inda za ta sai ya kai ƙarshen layin. Ya kai babban yatsan dama kan maɓalli ya danna, sunan ya sauka a wurinsa, ya ci gaba da rubutu.